Buhun Siminti a Keken Maman Yara

Zuwa ga uwargidana, Maman Yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin samun sauƙi. Yaya ƙarfin jiki? Hannun hagun yana ɗan motsawa kuwa? Yaya 'yarmu Uwata, ba ta dai gaji da faɗanki ba ko? Ni lafiya lau, sai kewarki da ciwon bayan nan da kika sani.

Tunda kin rantse ba za ki ƙara magana a waya ba, wai bakinki ya karkace ba a gane abin da kike faɗa, to ga shi kin mayar da ni samartaka. Direban da ke kawo mana katako zai miƙa wa Uwata wannan. Hannunki na dama lafiyarsa ƙalau, don haka ba ki da hujja, amsa nake jira.

Aikin otal ɗin ya zo ƙarshe, saura ƙofofin kabad na hawan sama. Mai otal ɗin ya ce in mun gama zai ba ni ɗaki na 'yan kwanaki in kawo iyali mu huta. Kar ki yamutsa fuska tukuna, karanta zuwa ƙarshe. Tun da ɓarin jikinki ya shanye ba ki leƙa ƙofar gida ba sai in asibiti za a je, nan ma sai kin ja mayafi kin rufe fuska. Labulen ɗakinki a sake ko da rana tsaka. Abin nan yana ci mini rai, ba zan ɓoye miki ba. Ke da in kika shiga kasuwa sai kowa ya san kin shigo! Tsorona kar ki ƙare a ɗakin nan alhali da sauran kwananki.

Na san abin da za ki ce, wai birni ba wurin mai keke ba ne. To, ba a fafe gora ranar tafiya. Na ari keken marasa lafiya a otal ɗin, na ɗora masa buhun siminti a madadinki, kullum in an tashi aiki sai in tura shi cikin gari da tef ɗin awona a aljihu. Da farko buhu ɗaya na sa, sai Dogo mai fenti ya ce wannan raini ne ga matar da aka ciyar da ita da kyau, sai da muka ƙara rabi. Ki yafe mini, shi ya ja.

Na sha kallo! A gidan tarihi mai gadi ya kora ni ƙofar baya, ya ɗauka gyara na zo yi, ashe alheri ya yi mini, don can ne babu matattakala. A kan gada gangaren ya kusa ƙwace mini keken, na bi shi da gudu ina salati, don haka gada na soke ta. Lambun bakin kogi kuwa hanyarsa sumul, ga inuwa, ga benci, ƙofar banɗakinsu ma na auna, kekenki zai shiga har da sauran wuri. Kasuwar yadi lungunanta matsattsu ne, amma da safe kafin a cika ana ratsawa.

Ban tsara komai a kan agogo ba, na san halinki da a ce miki yi sauri. Kowace safiya ke za ki zaɓi wuri ɗaya tak. In an yi ruwa, gidan tarihi. In kin gaji a hanya, duk inda muke na san inda za mu raɓa mu huta. In kuma kin tashi ba kya son ganin kowa, tagar ɗakin tana kallon kogi, mu zauna mu yi gulmar masu wucewa.

Ki gaida Uwata da maƙwabta. Allah ya ƙara sauƙi.

Naki har kullum,
Kafintanki

*

Maman Yara,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi miki ya jiki. Uwata ta ce kin fara riƙe kofi da hagun, alhamdu lillahi, ki dage.

Amsarki ta iso, gajera kamar ta mai jin haushi. Kin ce na auna ƙofofi na auna lunguna, to idon mutane fa, da wane tef zan auna shi? Kin ce buhun siminti ba ya jin kunya, kuma miyau ba ya zubo masa. Wallahi da farko raina ya ɓaci. Na ce wannan mata, ina nan ina karya bayana tana can tana yi mini gatse. Na yini ina buga ƙusa kamar ita ta yi mini laifi. Daga baya na ga gaskiyarki ce, ban san abin da nake kiran ki gare shi ba.

Sai na sauke siminti na hau keken da kaina. Na cusa hannun hagu cikin riga, na karkatar da kai, Dogo ya tura ni muka bi duk hanyar da na tsara miki. Tuƙinsa Allah ya sawwaƙe, ba ramin da bai jefa ni ba, yana ta mitar wai na fi siminti nauyi.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ana kallo. Wata tsohuwa ta tsaya a kaina tana ta "Allah sarki" har na ji kamar in tashi in gudu. Wani ya jefa mini sadaka a cinya bai ko dubi fuskata ba. Amma wanda ya fi ƙona mini rai a wurin shan shayi ne na bakin kogi. Mai kawo shayin ya tsallake ni da ido, ya tambayi Dogo abin da zan sha, sai ka ce jariri aka turo. Ina zaune, gemu fari fat! A nan na tuna yadda nake yi a asibiti, likita ya tambaye ki, ni in riga ki amsawa. Kunya ta rufe ni, Maman Yara.

Sai dai ga ɗaya gaskiyar. Yawancin mutanen birnin nan ko ta kaina ba su bi ba, kowa ta cikinsa yake yi. Ba wanda ya san yadda fuskarki take a da, balle ya gwada da ta yanzu. Kuma iskar kogin nan, daga inda mai keke yake zaune, ta fi daɗi.

Idon mutane ba katako ba ne da zan sa magogi in goge miki shi. Abin da zan iya shi ne in tsaya a bayanki in kama bakina. In kin ce ba za ki zo ba, zan ji haushi, ba zan ce ba zan ji ba, amma zan haɗiye in dawo gida in zauna da ke a bayan labulen. Motar katako za ta taso ranar Asabar, na ce a bar kujerar gaba ba kowa.

Ki huta lafiya. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.

Mijinki mai taurin kai,
Kafinta

*

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya yi miki albarka da ɗawainiyar da kika sha. Ban san da wane baki kika shawo kan mahaifiyarki ta hau motar nan ba, amma na gode.

Kin ce in ba ki labari kar in rage komai. To, kwanakin farko ba mu je ko'ina ba. Ta sa na saki labule, ta juya wa tagar baya, ta ce gadon ya yi laushi, fankar ta yi ƙara, kabad ɗin da na yi ma wai ƙofarsa a karkace take. Ƙarya take, na sake aunawa. Na kama bakina kamar yadda na yi mata alkawari, amma a raina na riga na sallama, har na fara tunanin yadda zan faɗa miki mun dawo yadda muka tafi.

Shekaranjiya da safe ina gyara takalmi sai ta ce in miƙo mata ɗankwalinta mai ruwan zuma, mayafin kuma a kafaɗa za ta yafa. Ban tambayi ina za mu ba, don kar in ɓata. Muna fita na nufi gidan tarihi, ta buga hannun keken ta nuna hanyar kogi. Wurin shayin nan take so, wanda na rubuta mata.

Mai kawo shayin bai gane ni ba. Ya zo ya tsaya, ya dube ni, ya tambaye ni abin da za ta sha. Uwata, bakina har ya buɗe, sai na ciji leɓe na kafa wa kogi ido. Sai na ji muryarta. Ta ce shayi da madara, ba sukari. Bai gane ba. Ta maimaita, miyau ya zubo, ta sa hankici ta goge a gaban kowa. Mutanen teburin kusa suka juyo. Na ce a raina shi ke nan, yanzu za ta ja mayafin nan ta rufe fuska, ba kuma za ta ƙara fita ba har abada. Ba ta ja ba. Ta ɗaga murya ta sake faɗa a hankali, kalma kalma, har mutumin ya sunkuyo daidai fuskarta ya ce ya ji, ya ba ta haƙuri.

Da aka kawo ta kurɓa, ta ture kofin, ta kira shi da kanta ta ce shayin ya huce, a sake mata wani. Ta ƙara da cewa ita ba a kawo mata ruwan wanke kwano. Duka ya gane wannan karon, ya ɗauke kofin da rawar jiki. Ni kuwa na kifa kai a kan tebur na yi kuka, tsofai-tsofai da ni, tana ta zungurina wai ina ba ta kunya a cikin mutane.

Kar ki turo direba ranar da muka yi da ke. Jiya mun yini a kasuwar yadi, ta yi ciniki har mai shagon ya roƙe ni in sa baki, na ce ba ruwana, ni turi kawai aka ɗauke ni. Ranar dawowa ita za ta faɗa miki. Ki ajiye wayarki kusa, ta ce da bakinta za ta kira ki, in ba ki gane ba ki ce ta maimaita.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki