Sifikar da Ba Ta Mance Mai Ita Ba

Tambuwal, Lahadi

Ƙanwata Rauda,

Sallama irin ta Musulunci. Ina gajiya, ina Kebbe, ya ƙafar maigidanki? Mu nan sai godiya.

Wani abu ya ɗaure mini kai. Kin san sifikar nan marar igiya da ɗanki Dogo, na wajena, ya haɗa da babbar rediyon Malam kafin su ɓata da uban nasa kan sayar da bijimin huɗa. Rediyo na ɗaka, karatu na fitowa a gindin murhu, ba zare tsakaninsu. Ikon Allah! Ban ajiye ta ƙasa, don kalmar Allah ka fita cikinta.

To, ranar kasuwa da hantsi na kunna ta, rediyo kuwa a kashe. Sai ta yi ƙara, matar cikinta ta yi Turancinta, ga waƙar Fulanin da Dogo ke so. Can ta yanke. Wata kasuwar ma haka. Na karanta Ayatul Kursiyyu. Ki tambayar mini shi, tunda yana wurinku, ko hannun wanga abu na kaiwa Kebbe.

Yayarki, Hadijatu


Tambuwal, Laraba

Rauda,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Kada ki tambaye shi.

Na kai sifikar wurin Nasiruddeen mai gyara. Ya ce ita ba ta mance wayar da aka taɓa haɗa ta da ita, da ta ji ta kusa sai ta kama. Ashe Dogo ya taɓa haɗa ta da tasa. Amma tsawon hannunta bai wuce daga ɗakina zuwa dalbejiyar bayan katangarmu ba.

Rauda, ashe yaron zuwa yake. Ya tsaya da babur bayan katanga, ya juya, don uban ya ce kada ya taka masa zaure.

Kasuwar da ta wuce aka kira shi a waya, muryar mai kiran ta faɗo mini tsakar gida. Na yi maza na kashe, don saurare a ɓoye ba kyau. Sai da na kashe na ji kamar ƙofa na rufe masa.

Ki sa mu a addu'a.

Hadijatu


Tambuwal, Asabar

Rauda,

Ina gaisuwa. Na ga bai halatta in ɓoye wa Malam ba, na faɗa masa duka. Tambaya ɗaya ya yi: ko ana iya sa sifikar ta mance wayar. Na ce ana iyawa. Ya ɗauke ta ya fita. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Da kasuwa ta zagayo bai tafi ba, wai ciwon baya. Ina tankaɗe na jiyo waƙar daga zaure, na ji yana laluben takalmansa. Ban leƙa ba. Na dai ƙara gari a tukunya.

Ki aiko kayan Dogo da motar Dogon Daji.

Yayarki, Hadijatu