Rasuwar Malam Abdulnasir Kangire, Kocin 'Yan Wasan Ces

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Matasa 'Yan Wasan Ces ta Birnin Kudu da Gwaram ta samu labarin rasuwar babban kocinta, Malam Abdulnasir Salihu Kangire, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata bayan gajeriyar jinya.

Shekara goma sha ɗaya marigayin ya yi yana zaga Kangire, Farin Dutse da Dingaya a kan babur, da allon wasa ɗaure a baya, yana koya wa yaranmu wannan dara mai sarki da sarauniya, musamman yadda ake buɗe wasa. Yaran da suka saba da darar gida, inda ake yabon mai saurin ci, sukan fito da sarauniya tun da wuri, a cinye ta, su koma zare ido. Malam ya kafa doka cewa duk wanda ya taɓa sarauniya kafin ya fito da dawakinsa biyu ya killace sarkinsa, to ya tashi ya ba wani wuri. Mu 'yan kwamiti mun sha yi masa ƙorafin tsanani, yau kuwa muna shaida wa jama'a cewa shi ke da gaskiya.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, Hajiya Saudatu, da 'ya'yansa da ɗaukacin ɗalibansa, muna roƙon Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya ba su juriyar wannan babban rashi.

Ga iyayen da ke tambaya ko za mu janye daga gasar matasa da za a yi a Kano nan da kwana tara, wadda ita ce damar ƙarshe ta zakararmu, Juwairiyya Ashiru Dingaya, kafin shekarunta su wuce ƙa'ida, muna tabbatar musu cewa babu gudu babu ja da baya. Hajiya Saudatu ta damƙa mana littafin da Malam yake rubuta dabarun wasa a ciki, kuma a shafin ƙarshe mun tarar da buɗin wasan da yake shirya wa Juwairiyya, taku bayan taku. Rubutun ya tsaya a taku na bakwai. Mun yi kuka da muka gani. Juwairiyya ta karɓi littafin, ta ce na takwas ɗin ita za ta taka da hannunta a Kano, in Allah Ya yarda.

Sa hannu:
Alhaji Musaddiq Nu'uman Gwaram,
Sakataren Yaɗa Labarai na Ƙungiya.