Azara a Ƙarƙashin Kwano

Roni, Maris 1953

Zuwa ga ɗana Lado, malamin ayyuka na En'e, hukumar gargajiya, Kazaure.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na dawo daga ta'aziyya a Babura, na tarar ka aiko magina sun kware rufin ɗakin mahaifiyarka sun kafa kwano. Azarar da suka cire ta namijin giginya ce, kakanka ya saro ta, gara ba ta taɓa kusantarta ba. Da ita da ƙasar da ke kanta, ɗakin da bazara kamar randa yake, da sanyi kuwa ba a kwana da wuta. Na tambayi inda take, aka ce an faskara an dafa wa 'yan kallo tuwo.

Ni ma na yi boko a Kano tun ba a haife ka ba. Ban ga littafin da ya ce a saka tsohuwa a tanda ba.

Mahaifinka, Na'Allah.

Kazaure, Maris 1953

Zuwa ga Baba, Allah ya ƙara girma.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. A yi mini afuwa, ban yi don raini ba. Duk wanda ya sami muƙami a En'e, uwarsa yake fara yi wa kwano. In ban yi ba za a ce na ci ni kaɗai. Kuma na tura ƙanena Hamma ya tambayi Inna, ta ce ɗakin ya yi kyau, ta gode.

Ɗanka mai biyayya, Lado.

Roni, Afrilu 1953

Lado, bayan gaisuwa.

Me kake so ta ce? Kai ɗan farinta ne, ko sunanka ba ta kamawa, balle ta aika maka da kuka. Da rana tsaka tana cikin ɗakin nan tana ɗiga, ta ƙi fitowa gindin tsamiya, wai kada maƙwabta su ce ta raina kyautar ɗanta. Jikinta duk ƙuraje, ta daina cin abinci. Ranar Laraba ta faɗi a bakin ƙofa, sai da aka sheƙa mata ruwa. Na ce zan ɓamɓare kwanon, ta riƙe mini riga ta ce, "Malam, a bar wa yaron nan abinsa."

Turawan da kuke kwaikwayo, ka leƙa gidan Joji ka gani ko a ƙarƙashin kwano tsirara yake kwana.

Na'Allah.

Kazaure, Afrilu 1953

Baba, Allah ya huci zuciyarka. Ban sani ba. Zan turo magina su cire.

Lado.

Roni, Afrilu 1953

Lado, kada ka turo kowa. In aka cire, kunya za ta kashe ta kafin zafi.

Na samo busasshiyar azara a Gwiwa. Za a jera ta daga ciki a ƙarƙashin kwanonka, a shimfiɗa zana, a yaɓe da ƙasa. Masu wucewa su ci gaba da ganin ƙyalli. Na ce wa mahaifiyarka kai ka aiko da azarar, ta ci tuwo jiya.

Ka gaida iyali.

Na'Allah.