Ba a Allon Masu Siminti Ba

Zuwa ga ƙanena, Malam,

Ina yi maka sallama, ina gaishe ka gaisuwar wanda ya daɗe bai ga ɗan uwansa ba. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da ɗaliban makarantarka. Mu nan lafiya lau. Uwar yara tana fama da gwiwa, amma bakinta ƙalau yake. Auta ta gama karatun jinya, yanzu ita ke auna min jini, tana hana ni gishiri a gidan da na gina.

Ka san ni, Malam. Da sifana uku da tabarma na fara aiki a bakin titi. Yau garejina yana da rami biyu da rumfar kwano, ga injin buga bulo a bayansa. Na gina gida, na aurar, na sa yara makaranta, ban taɓa tsayawa ƙofar wani da hula a hannu ba. Ba alfahari nake yi ba, shimfiɗa ce, don ka san wanda ke maganar nan ba neman alfarma yake yi ba.

Saƙonka ya iso. Ka ce kwamitinku na gari zai gina bango a harabar makaranta, a rubuta sunayen 'yan garin da suka yi soja, kuna neman gudummawar siminti. Ka ce an yanke shawara sai wanda ya cika wa'adinsa ko ya rasu a bakin aiki za a rubuta, ni kuwa tunda ban cika ba, za a sa ni a ƙaramin allo na masu gudummawa. Ka ce ka yi shiru a taron don kada a ce kana son kai. Ban ji haushinka ba. Amma na lura a kwamitin babu wanda ya taɓa sa takalmin soja, shi ya sa kuka ɗauka ƙofa biyu ce ake fita ta cikinta, ko ritaya ko kora.

Ba haka ba ne. Akwai wanda ya cika wa'adi aka sallame shi da girma. Akwai wanda likita ya ce jikinsa ba zai ƙara ɗauka ba. Akwai wanda ya nemi sallama da kansa saboda larurar gida, manya suka duba suka yarda. Sai kuma wanda ya gudu ko ya yi sata, kotun soja ta kore shi. Wannan na ƙarshen ku bar shi, ba zan yi muku gardama ba. Amma ku haɗa mu da shi a buhu ɗaya? Haba, Malam.

Takardar sallamata ruwa ya cinye ta tun a tsohon ɗakin haya, don haka na sa babbar riga na tafi ofishin ajiyar bayanai na bariki. Ɗaki ne mai tsawo, fayil har rufi, fanka tana juyawa kamar an tilasta mata. Akawun ya ce in dawo wani mako, na ce masa na zo da kujerar zama a jikina. Da ya gaji da ganina, ya shiga ciki ya fito da fayil ɗin yana atishawa. Takarda ɗaya ce, amma ba ta bar komai ba: lambata, ranar shiga da ta fita, muƙamin kofur, sana'a kanikanci. Wajen dalilin fita an rubuta larurar iyali, bisa buƙatarsa. Ka san larurar, shekarar da Baba ya rasu ce, kana aji uku, Inna ba ta da mai ɗebo mata ruwa. Ba gori nake maka ba, ko yau aka mayar da ni can haka zan sake yi. Wajen hali an rubuta mai kyau. Na tambayi akawun me ya hana a ce mai kyau ƙwarai, ya nuna min inda aka rubuta cewa an taɓa hora ni don na yi wa sajanmu gardama a kan giyar wata babbar mota. Har gobe ni ke da gaskiya a kan giyar nan. A layin ƙarshe kuma an ce idan ya dawo, a karɓe shi. Wanda aka kora ba a rubuta masa haka.

Takardar ta kuma nuna ban taɓa harba bindiga a fagen fama ba. Jikokina sun ɗan ji kunya da Auta ta karanta musu, sun zaci kakansu ya ci gari. Na ce musu motar da ta kai masu harbin, ta kuma kwaso masu rauni, ba da addu'a kaɗai take tashi ba.

Akwai kuma Dogo, ɗan unguwarmu, wanda kuka yi ƙwallo da ƙanensa. Yana wajena, shi ke kula da ƙofar gareji. Ƙarar manyan bindigogi ta kashe masa kunne, likita ya sallame shi. Dokarku ta fitar da shi shi ma. Da na yi masa bayani da ihu da hannu, sai ya yi dariya, ya ce ai bango ba ya jin magana, shi ma ba ya ji, sun yi daidai. Dariyar ba ta kai zuci ba. Na karɓo masa kwafin tasa takardar sallamar, na haɗa da tawa a cikin ambulan ɗin nan. Ka karanta wa kwamiti su da bakinka, a tsaye, kafin mai sassaƙa ya sa guduma.

Siminti kuwa na riga na ɗora a mota, yana hanya. Ba ciniki nake yi da ku ba, ko kun rubuta ko ba ku rubuta ba, bangon naku ne.

Ka gaishe min da Gwaggo, ka ce maganin idonta yana wajen direban motar simintin. Ka gaida Kawu mai shago, da maiɗakinka, da takwarana sarkin ɓarna. Uwar yara da Auta suna gaisuwa.

Amma ka faɗa wa kwamiti kada su kuskura su sa ni a ƙaramin allon nan. Simintin a rubuta daga wani bawan Allah. Sunana kuwa, da muƙamina da lambata, yadda suke a takardar, a sassaƙa su a bangon sojoji, a layi ɗaya da kowa, na Dogo a sama da nawa tunda ya riga ni shiga.

Naka har kullum,
Yayanka, Kofur mai gareji