Takardar da Baba Bai Rubuta Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wasiƙar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, ƙafar Mama ma ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida da kanta.

Yaya, wani abu ya faru da har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Ka san kwalayen binciken marigayi Baba kan ruwan rijiyoyi da ke jibge a ɗakinsa. Auta ta ce gara a buɗe musu shafin intanet kafin gara ta cinye su. Ta ɗauki hoton takardun, ta ba manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira da ke gina wa mutum shafi, tana gaya mata abin da take so da baki kamar mai aiken yaro. Kafin mu gama girkin rana shafi ya tsaya, da hoton Baba a sama, da wurin da za ka yi tambaya a ba ka amsa. Na saki baki ina kallo.

Ana nan sai Farfesa, abokin aikin Baba, ya kira ni. Ya tambaye ni yaushe Baba ya sake auna rijiyoyin bayan majema da aka rufe saboda gurɓata, domin ya ga takarda a shafin tana cewa ruwansu ya gyaru, kuma shekarar da ke kanta Baba ya riga ya rasu. Ya ce wata ƙungiya har ta fara shirin buɗe rijiyoyin saboda ita. Nan take na kira Auta. Da muka duba, ashe inda ruwan sama ya ɓata wasu shafukan takardun, manhajar ta cike giɓin da kanta, da alƙaluma da komai, ta sa sunan Baba. Auta ta rufe shafin nan take tana kuka, Farfesa kuma ya tsayar da mutanen. Ba wanda ya sha ruwan, alhamdu lillahi.

Mama ta sa aka karanta mata takardar. Ta ce sak yadda Baba yake jera magana ne, a sake karanta mata. Da aka gama ta share ido ta ce a goge, mijinta bai taɓa faɗin abin da bai auna ba.

Yanzu muna bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, muna gwada su da takardun asali. Don Allah ka turo kwafin takardun Baba da ke wurinka, kuma ka kira Auta, domin ta daina cin abinci tun ranar.

Gaishe da Anti da 'yan biyu. Mama, Kawu da Gwaggo suna gaishe ka.

Ƙanwarka mai kewarka.