Ina Hassadar Akuyata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban asusun da ke raba kuɗin bincike, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina neman izini in faɗi abin kunya a bainar jama'a. Ni malamin makaranta ne a Gangara, ƙasar Tanut, furfura ta fara cin gemuna, kuma ga ni ina hassadar akuya. Akuyar ma tawa.

Na ɗaya. Sunanta Kyalla. Bazarar bara wasu samari masu bincike, waɗanda asusunka ya ɗauki nauyinsu, suka zo da farar mota suka zaɓe ta cikin awakin da za a bi diddigin kiwonsu. Suka auna ta, suka duba haƙoranta, suka maƙala mata ɗan kunne rawaya mai lamba, suka rataya mata wata na'ura a wuya mai sanar da tauraron ɗan'adam inda take. Yau in ta tsaya cin ganyen aduwa a hanyar Falanko, akwai mai kallonta a Yamai. Ko sufeton makarantu bai san inda nake haka ba. Ban raina aikin ba, makiyayanmu na bukatarsa.

Na biyu. A gidan nan akwai 'yata Rakiya, shekararta tara, ba ta taɓa furta kalma ba. Ba kurma ba ce, daga zaure take jin an buɗe kwanon fura. Ba ta kallon mutum cikin ido, kuma tana iya wuni tana jera tsakuwa. Maƙwabta suka ce iska ce, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Likita a Damagaram ya ce otizim ne. Na tambaye shi sunan wannan lalura da Hausa, ya ce shi ma nema yake. Mutumin kirki ne, ya ba mu katunan hotuna da aka kawo masa daga Turai, don ta riƙa nuna abin da take so. Na duba: ga tuffa, ga jirgin ƙasa, ga yaro yana dariya cikin dusar ƙanƙara. Babu randa, babu buta, babu fura. Na zauna na zana randa da hannuna, uwarta ta ce ta ɗauka kan bijimi ne.

Na uku, kuma shi ne ya sa ni rubutu. Rakiya na son ƙarar guga. In ta tarar da ƙofa a buɗe rijiya take nufa, kuma ka san rijiyoyinmu na nan Damargu, ba a hango ƙasansu. Cikin azumin da ya wuce ta ɓace da hantsi. Unguwa duka ta fita nema, babu tauraron da ya gan ta. Wani makiyayi mai shayar da raƙuma ne ya same ta rub da ciki a bakin rijiya, kanta a ciki tana saurare. Tun ranar, in uwarta za ta yi daka, sai ta ɗaure mata ƙafa da igiya a jikin turke. Turken Kyalla ne, ranka ya daɗe. Ita akuyar samarinka sun hana a ɗaure ta, wai kada a ɓata musu sakamako.

Na karanta iya abin da ya zo hannuna, na ga masana na can suna tonon asalin otizim cikin jini da ƙwaƙwalwa. Allah Ya ba su sa'a. Ni binciken da nake roƙo shi ne wanda zai cire takalmi ya shigo tsakar gida.

Don haka ina roƙonka ka ware wani kaso na asusun ga masu binciken da za su zauna a gidajenmu, masu jin Hausa da Fulatanci da Tamajak, su gwada su gano irin hoto ko alamar da yaran nan ke ganewa, da yadda ake koya wa yaro irin Rakiya ya tsaya in ya ga bakin rijiya. Abin da suka gano su koya wa iyaye mata, su koya mana mu malamai. Na koya wa 'ya'yan gari karatu har sun zama ma'aikata, na kasa koya wa tawa ta ce “ruwa”.

In kuwa aka duba aka ga babu gurbi sai na dabbobi, ka sa a rubuta ta cikin garke. Turke dai ta riga ta samu, lamba da abin wuya kawai suka rage.

Allah Ya ja zamaninka, Ya yi maka jagora a wannan kujera, Ya raya zuri'arka, Ya sa kowane ɗa ka haifa ya kira ka Baba ka ji da kunnenka.

Wassalam.

Mahaifin Rakiya, mai Kyalla,
Gangara, Damargu.