Uwar waliyyi ma ta sha jira

Talata, 14 ga Nuwamba, 2006, bayan Isha'i

Yau tsohuwar da nake jinya a unguwar Irving Park ta kama ni ina kuka a kicin ɗinta. Dole na faɗa mata: wata takwas ke nan ɗana Bashir ya bar gida, ya bar salla, ko wayata ba ya ɗauka.

Sai ta ba ni labarin wani babban malaminsu na Kirista, mutumin Arewacin Afirka, tun kafin zuwan Manzon Allah (SAW). Wai shi ma ya bijire wa uwarsa, har ya yi mata ƙarya a bakin teku, ya hau jirgin ruwa ya gudu. Ita kuwa ta yi ta addu'a shekara da shekaru. Daga baya ya tuba, ya zama waliyyinsu, har yau ana karanta littattafansa.

Astagfirullah, sai da na ji sanyi a raina. A masallacinmu kuwa, Hajiya Rabi cewa ta yi, "Ai ke kika sake masa, Maman Bashir."

Ƙarambani ya sa na tambayi tsohuwar, "To, uwar fa?" Sai ta ce bai daɗe da tuba ba uwar ta rasu.

Shi ya samu suna, ita ta samu kabari. Ɗazu na sake kiran Bashir, na'urar ɗaukar saƙo ce ta amsa da Turanci. Na tanadi wa'azi mai tsawo, amma abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ka ci abinci kuwa?"